Harhaɗa ƙananan jiragen sama bisa ma'auni: Asalinsa, kayan aikinsa da matsayinsa a ƙasar Hausa

Harhaɗa ƙananan jiragen sama bisa ma'auni aikin hannu ne da mutum ke yi don sha'awa, ko koyarwa, ko neman abinci. Mai yin sa yakan ɗauki wani jirgi na haƙiƙa ya ƙanƙanta shi da lissafi, ta yadda kowane sashe nasa, daga hanci har wutsiya, zai ragu da adadi ɗaya. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne samfuri, wato ƙaramin jirgin da za a iya ɗorawa a kan teburi, amma wanda ya san jirgin na asali da ya gan shi zai shaida shi.

Irin waɗannan samfura ne ake gani a ofisoshin kamfanonin jirgin yawo da ke shirya tafiyar Hajji da Umara, da teburan manyan hafsoshin sojin sama. A bayansu akwai masana'antu da mujallu da ƙungiyoyi da suka shafe kusan shekara 100 suna aiki. A ƙasar Hausa ma aikin yana da tushe, ko da yake ba a saba kiran sa da wannan suna ba.

Tushensa a gida

Ƙofar Durbi na daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Katsina. Tana fuskantar gabas, ɓangaren Mani da Daura, kuma ta samo sunanta daga sarautar Durbi, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Ta wannan ɓangare na gabas ne filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa yake. Saboda haka yaran unguwannin da ke kewaye da ƙofar sun tashi suna ganin jirgi a kusa, musamman lokacin jigilar maniyyata, sa'ad da manyan jirage ke sauka suna tashi.

Yaron Bahaushe kuwa ba ya ganin abin hawa ya ƙyale shi. Tun kafin kayan wasan roba su cika kasuwa, bayan an yi girbi yara kan tsinto sillen kara, su fere ɓawon su yi tsinke da shi, su yanka ɓargon gunduwa-gunduwa, su ƙera motar kara da jirgin kara. Waɗanda suka ɗan tasa sukan koma ga gwangwanin madara da langa-langa da waya, su yanko tayoyi daga tsohon silifa. Duk abin da mai harhaɗa samfuri a Japan ko Ingila yake buƙata na natsuwa da kaifin ido da iya sarrafa wuƙa, yaron da ya ƙera jirgin kara yana da shi.

Abu biyu ne suka raba jirgin kara da samfurin ma'auni. Na farko lissafi: yaro yana ƙira da ido, mai samfuri yana yi da awo. Na biyu hujja: yaro yana ƙera jirgi kawai, mai samfuri yana ƙera wani takamaiman jirgi, na wani kamfani ko runduna, mai lamba kaza, yadda yake a shekara kaza.

Mene ne ma'auni?

Ana rubuta ma'auni da lambobi biyu, kamar 1:72 ko 1:48. Ma'anar 1:72 ita ce duk santimita ɗaya a jikin samfuri tana madadin santimita 72 a jikin jirgin gaske. Gwargwadon girman lamba ta biyu, gwargwadon ƙanƙantar samfurin. Asalin 1:72 daga awon Ingila ne, domin inci ɗaya a samfuri na daidai da ƙafa shida, kusan tsayin dogon mutum.

Lissafin ba shi da wuya: a raba tsawon jirgi da lambar ma'auni. Jirgin Boeing 747-400, irin wanda aka sha jigilar alhazan Arewa da shi, tsawonsa ya kai kimanin mita 70.7. A ma'aunin 1:72 samfurinsa zai kai santimita 98, wanda ya fi ƙarfin teburin ofis. A 1:144 zai dawo santimita 49, a 1:200 kuma santimita 35. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi yin jiragen fasinja a 1:144 da 1:200.

Jiragen yaƙi ƙanana ne, don haka an fi yin su a 1:72 da 1:48 da 1:32. Jirgin A-29 Super Tucano na Rundunar Sojin Saman Najeriya tsawonsa mita 11.38 ne. A 1:72 bai cika santimita 16 ba, a 1:48 kuma ya kusa santimita 24. Mai tara samfura yakan tsaya a kan ma'auni ɗaya, domin idan ya jera su, bambancin girmansu ya fito yadda yake a filin jirgi.

Samfuran sun kasu gida biyu. Akwai na ajiya, waɗanda ba sa tashi, burin mai yin su shi ne kamanni. Akwai masu tashi, da ake yi da katako marar nauyi ko soso mai tauri, a sa musu ƙaramin inji, a sarrafa su da rimot. Mafi yawan abin da ke tafe ya shafi na ajiya ne.

Asalinsa a duniya

Ƙaramin jirgi ya girmi babba. A 1804 Bature George Cayley na Ingila ya ƙera ƙaramin samfuri mai fiffike da wutsiya, ya gwada shi a iska. A 1871 Alphonse Pénaud na Faransa ya nuna wani samfuri mai farfela da murɗaɗɗiyar roba ke juyawa. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu wani abin wasa mai tashi da aka yi bisa dabarar Pénaud, kuma su da kansu sun ce daga nan sha'awar tashi ta shige su. A 1901 sun gwada ƙananan fukafukai kusan 200 a cikin wani akwati da suke hura wa iska, kafin su tashi da jirginsu ranar 17 ga Disamba, 1903.

Sayar da samfura a kwali don mutum ya haɗa da kansa ya kankama ne a Ingila. A 1932 aka fara fitar da samfuran katako masu suna Skybirds a ma'aunin 1:72, sannan a 1936 kamfanin FROG ya fito da na roba. Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da abin ya zama na gaske. A 1942 gwamnatin Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa samfura 500,000 a ma'aunin 1:72, aka shafa musu baƙin fenti, aka riƙa horar da sojoji da su domin su iya bambance jirgin abokan gaba da nasu daga nesa.

Bayan yaƙi sai fasahar narka roba a ɗura ta a mazubin ƙarfe ta sauƙaƙa farashi. Kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, ya fitar da samfurin jirgin Spitfire a 1953, ana sayar da shi a leda a kan sule biyu, wato fataka. A Amurka Revell da Monogram suka yi fice, a Faransa Heller, a Italiya Italeri. A Japan kuwa birnin Shizuoka ya zama cibiya, inda Tamiya da Hasegawa, waɗanda dukansu da katako suka faro, suka koma roba suka ɗaga darajar aikin. Daga baya Academy ta Koriya ta Kudu da Zvezda ta Rasha da Trumpeter ta China suka shigo kasuwa.

Abin da ke cikin kwali

Wanda ya buɗe kwalin samfuri zai tarar da abu huɗu: sassan jirgi na roba a manne da wasu rassa, kowane sashe da lambarsa, gilashin ɗakin matuƙi na roba garai-garai, takardar tambura da lambobi, da littafin umarni mai zane-zane. Ƙaramin samfuri na mai koyo bai fi sassa 30 zuwa 50 ba, manya kuwa suna haura ɗaruruwa.

Rassan nan hanyoyin da narkakkiyar roba ta bi ne ta isa kowane gurbi a cikin mazubi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyum ya ga yadda ake barin kafar da ruwan ƙarfe zai bi, a kuma goge tabonta bayan tukunya ta huce, ya fahimci abin.

Kayan aikin farko kaɗan ne: 'yar wuƙa mai kaifi ko reza, ƙaramin almakashin yanke waya, hantsaki, sanfefa mai laushi, gam, fenti da burushi. Gam ɗin wannan roba daban yake da na takarda, domin narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Shi ya sa ɗigo guda ya wadatar, kuma idan ya taɓa gilashi ya ɓata shi ke nan.

Ana fara aiki daga ciki. A haɗa ɗakin matuƙi a yi masa fenti, sannan a rufe ɓangarori biyu na gangar jiki a kansa. Jirgin da ke da taya a hanci sai an saka masa ɗan nauyi a gaba, in ba haka ba zai zauna a kan wutsiya. Daga nan a ɗora fukafukai, a cike duk wata kafa da fila, irin yadda masu gyaran jikin mota ke yi, a goge har layin haɗi ya ɓace. Sai fenti, shafi mai sirara sau biyu ko uku, ana bari kowane ya bushe. Tambura kuma a ruwa ake jiƙa su, su sulluɓo daga takarda a zaunar da su a gurbinsu. A ƙarshe a bi da baƙi-baƙin hayaƙi da tabon mai da ƙura a inda jirgin gaske ke tara su. Samfuri ɗaya kan ci mako biyu, wani ya ci wata shida. Sannu ba ta hana zuwa.

Kayan ƙari

Mazubin ƙarfe yana da iyaka. Akwai abin da ba zai iya fitarwa da siranta ba, kamar bel ɗin kujerar matuƙi, ko eriya, ko ragar da ke bakin inji. Haka kuma kamfani ba zai buga tambarin kowace ƙasa ba, sai waɗanda yake ganin za su yi kasuwa. Wannan giɓi ne ya haifar da wata masana'anta ta biyu, ta ƙananan kamfanoni masu yin kayan ƙari da ake saye daban a musanya na cikin kwali da su. Ga mai sayar da kayan gyaran mota abin ba baƙo ba ne: kamfani ya ƙera mota, wasu kuma su ƙera mata fitilu da riguna da suka fi na asali.

Nau'i na farko shi ne sassan tagulla. Ana ɗaukar fallen tagulla ko ƙarfe mai sirantar takarda, a buga masa zane da haske kamar yadda ake wanke hoto, sannan a tsoma shi a sinadarin da zai cinye duk inda ba a rufe ba. Abin da ya rage su ne sassa ƙanana da ake lanƙwasawa da hantsaki. Kamfanin Eduard na Jamhuriyar Czech, wanda aka kafa a 1989, shi ya fi shahara a nan, har yana sayar da wasu da fentinsu.

Na biyu sassan rezin, wani ruwa mai kama da ƙaro da ake zubawa a mazubin roba mai taushi ya daskare. Da yake mazubin yana miƙewa, yana fitar da siffofi masu sarƙaƙiya, kamar inji da wayoyinsa, ko kujerar da ke cilla matuƙi waje, ko taya da ta ɗan lotsa saboda nauyi. François Verlinden na Beljiyam na cikin waɗanda suka yaɗa wannan fasaha, kamfanin Aires na Czech kuma ya yi suna a kanta. A 'yan shekarun nan firintar 3D ta fara karɓe wannan fage, domin duk mai kwamfuta da ya iya zane zai iya fitar da sashen da yake so a ɗakinsa.

Na uku takardun tambura. Su ne ke mayar da jirgin Alpha Jet na Jamus ya zama na Najeriya, ta hanyar sa masa zagayen kore da fari da kore da lambar rundunar. Sai kuma ƙananan abubuwa irin su bakin bindiga na ƙarfe da aka fere a inji, da ƙafafun sauka na ƙarfe don samfura masu nauyi, da takardar rufe gilashi da aka riga aka yanka daidai kowace taga.

Akwai abin lura ga mai saye. Sau da yawa kuɗin kayan ƙari kan zarce na samfurin kansa. Kowane sashe kuma don samfurin wani kamfani aka auna shi, ba lalle ya shiga na wani ba ko da ma'auninsu ɗaya. Sannan tagulla da rezin ba sa jin gam ɗin roba, sai sufa gulu. Ƙwararru kan shawarci mai koyo ya gama samfuri uku ko huɗu da abin da ke cikin kwali kawai kafin ya taɓa kayan ƙari, domin tagulla mai tsada ba ta rufe aibin haɗin da ya karkace.

Mujallu, littattafai da ƙungiyoyi

Tun da aikin ya dogara ga hujja, rubutu ya zama rabin sana'ar. Mujallar Aeromodeller ta fara fita a Ingila a 1935, ta fi karkata ga samfura masu tashi. Airfix Magazine ta fito daga 1960 zuwa 1993, daga baya Airfix Model World ta gaje ta a 2010. Scale Aircraft Modelling ta fara a 1978, FineScale Modeler ta Amurka kuma a 1982. Abin da mai karatu ke nema a cikinsu shi ne sharhin sababbin kaya, da bayanin haɗi mataki-mataki, da zanen jirgi ta gefe da ta sama da ta gaba bisa ma'auni, da hoton launukansa.

Kamfanonin ɗab'i irin su Osprey da Squadron/Signal suna fitar da ƙananan littattafai, kowane a kan jirgi ɗaya. Game da Najeriya, littafin Michael Draper mai suna Shadows, wanda ya fito a 1999, ya tattara bayanan jiragen da aka yi amfani da su a Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970. Tom Cooper da Peter Weinert kuma sun jagoranci rubuta African MiGs, mujalladi biyu a kan jiragen ƙirar Rasha a rundunonin Afirka, har da Najeriya. A intanet, shafin Scalemates rumbu ne da ke nuna tarihin kowane samfuri da kayan ƙarin da suka dace da shi.

Babbar ƙungiyar masu wannan sha'awa ita ce IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, take da rassa a ƙasashe da dama. Duk watan Nuwamba tana shirya gagarumin baje koli da gasa a garin Telford. A irin wannan gasa alƙalai kan fara duba daidaiton fukafukai da tsabtar haɗi da santsin fenti kafin su waiwayi kayan ƙari.

Jiragen da suka shafi tarihinmu

Wanda ya leƙa waɗannan mujallu zai ga Spitfire da Messerschmitt da Mustang ba iyaka, amma da ƙyar zai ga jirgi mai lambar da ta fara da 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar. Ɗan abin da aka rubuta a kanmu ma ya fi karkata ga Yaƙin Basasa. Alhali Arewa tana da tarihin sufurin sama da ya isa a cika ɗaki guda da samfuransa.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na sojin saman Birtaniya suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano da jirgin DH.86. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa kawo jiragen Hurricane da Blenheim a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya. A Ingila ma akwai runduna ta 91 ta jiragen Spitfire da ta ɗauki sunan Najeriya, saboda gudummawar kuɗin da aka tara daga nan.

Bayan haka sai Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 ya durƙushe a 2003, da tambarinsa na giwa mai fiffike, da jiragensa Fokker F27 da F28 da Boeing 707 da 737 da DC-10 da Airbus A310. Akwai Kabo Air na Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo da aka kafa a Kano a 1980, da Max Air na ɗan kasuwar Katsina Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, waɗanda manyan jiragensu 747 suka kai dubban alhazai ƙasa mai tsarki. A fannin soja akwai MiG-17 da L-29 da suka iso ƙasar nan a 1967, da MiG-21 da Jaguar da Alpha Jet da C-130, da L-39 da ake horar da matuƙa da shi a Kano, da Super Tucano 12 da shidan farko suka sauka a Kano a Yulin 2021. Akwai kuma na gida: Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna, da jirage marasa matuƙi Gulma na 2013 da Tsaigumi na 2018.

Galibin waɗannan nau'o'i ana samun samfuransu a kasuwar duniya. Abin da ke wuya shi ne tambarin Najeriya da ingantattun hotuna. Su kuwa hotunan suna nan a gidajenmu, a kundin alhazan da suka ɗauki hoto a gindin jirgi, da akwatunan tsofaffin matuƙa da injiniyoyin da suka yi karatu a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, shekarar da aka kafa Rundunar Sojin Sama.

Yanayi, lafiya da doka

An rubuta littattafan umarni ne don ƙasashe masu sanyi, saboda haka mai aiki a Katsina ko Kano sai ya yi la'akari da yanayinsa. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, don haka a kifa kwali ko roba mai tsabta a kan samfuri da zarar an gama shafi. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana busar da fentin ruwa tun yana kan burushi, gara a yi aikin da asuba ko da dare. Samfurin da aka bari a cikin mota ko jikin taga zai lanƙwashe, farin fenti ya koma rawaya. Kabad mai gilashi a inuwa shi ne ma'ajinsa.

Ta fuskar lafiya, gam da sinadarin tsinka fenti suna da tururi mai bugarwa, dangin sholisho ne, don haka a yi aiki da taga a buɗe kuma a ɓoye su daga yara. Garin rezin yana cutar da huhu, sai a jiƙa sanfefa kafin a goge shi, a kuma rufe hanci.

Ta fuskar addini, jumhurun malamai sun halatta siffanta abin da ba shi da rai, jirgi kuwa yana cikinsu. Ɗan mutum-mutumin matuƙi da kan zo a wasu kwalaye ba dole ba ne, wanda ya so yana iya barin kujerar babu kowa.

Ta fuskar doka, samfurin ajiya ba ya buƙatar izini. Amma tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa ta hana tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ga mazauna Ƙofar Durbi da kewaye, da ke kusa da filin jirgi da sansanin sojin sama, wannan gargaɗi ya fi ƙarfi. Haka nan ɗaukar hoton sansanin soja ba da izini ba na iya jefa mutum cikin matsala, komai kyan niyyarsa.

Hanyar farawa

Ba kasafai ake ganin waɗannan kwalaye a kasuwanninmu ba. Ana odarsu ta intanet, ko a ba da saƙo ga 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Guangzhou. Masana'antar Trumpeter ma a lardin Guangdong take. Tsadar dala da kuɗin dako sukan ninka farashi, kuma kamfanonin dako da yawa ba sa ɗaukar gam da fentin mai ta jirgin sama domin suna kama wuta. Mai farawa zai fi samun sauƙi da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya a 1:72 da fentin ruwa.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar dala: ƙira daga tushe. A samo zanen jirgi ta fuska uku, a buga shi daidai ma'aunin da ake so a shagon kwamfuta, a manna a kan katako mai taushi ko kwali ko falle na bututun roba da aka gasa aka miƙar, a yanka, a fere, a goge. Masu wannan sha'awa a duniya suna girmama irin wannan aiki fiye da haɗin kwali, kuma shi ne ya fi kusa da abin da yaranmu suka riga suka iya.

Ƙwazo dai ba a rasa shi ba. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya bayan ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, ya ɗaga da shi 'yan ƙafafu daga ƙasa. Abin da matasa irinsa suka fi buƙata tun suna ƙanana shi ne wanda zai koya musu karanta zane, da awo, da bin mataki, da gama aiki da tsabta. Waɗannan su ne darussan farko na injiniya da mai zanen gini da kafinta, kuma samfuri ɗaya yana koyar da su duka.

Cibiyoyi irin su Ƙauyen Koyon Sana'a na Matasa da ke Katsina, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da makarantun sakandaren fasaha, suna iya buɗe ƙungiyar masu samfura da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kasuwa ma tana nan: kamfanonin jirgin yawo, da makarantu, da ofisoshin da ke ba da kyautar ban kwana ga ma'aikacin da ya yi ritaya. Mai shagon buga sitika da ya iya zana tambarin giwa mai fiffike daidai ma'aunin 1:144 zai iya samun masu saye har a ƙasashen waje.

Jiragen Nigeria Airways da na Kabo da suka yi zamani akasarinsu an yanka su an sayar a matsayin ƙarfe. Waɗanda suka tuƙa su da waɗanda suka gyara su suna ta manyanta. Idan ba a tattara hotunansu da launukansu da lambobinsu yanzu ba, wata rana jikan alhajin da ya hau su zai nemi kamanninsu ya rasa. Gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina wuri ne da ya dace a ga jerin waɗannan samfura, daga DH.9A na 1925 zuwa Tsaigumi, a ma'auni ɗaya, kuma ƙirar hannun 'ya'yan garin.